Rufin Gidan Kawu Agbeko

Ni na auna rufin gidan Kawu Agbeko da hannuna: bandir huɗu na kwano, ban da katako da ƙusa. Shekara goma sha ɗaya yana ɗora bulo a filinsa na ƙauye, can bayan Kpando, layi biyu bana, layi uku baɗi, daga albashinsa na direban ofishin gona. Gini ya kai linta ya tsaya yana jiran ritaya, don kuɗin sallamarsa su ne na rufi. A wajenmu babu dattijon da yake so a shimfiɗe gawarsa a ɗakin haya, jama'a na shigowa ban kwana, mai gida na duba agogo. Kawu yakan faɗi haka yana dariya, amma ba wasa yake ba.

Ƙanwata Akpene ce mai boko a gidanmu. Ni tun daga ƙaramar sakandare na koma koyon kafinta. Da ta samu jami'a a Cape Coast, fannin akanta, aka ce ba a ba da bashin karatu sai ma'aikaci mai fansho ya tsaya mata. Babanmu ya daɗe da rasuwa, Mama kuma kifi take soyawa a bakin tasha. Kawu, ƙanen Mama, shi ya sa hannu. Ko karanta takardar bai yi ba.

A shekararta ta biyu Mama ta kwanta. Wata huɗu Akpene tana gefen gadonta a asibiti, tana juya ta, tana goge ta, har ma'aikatan jinya suka fara aikenta kan majinyatan da ba su da kowa. Bayan mun binne Mama ta koma makaranta, amma hankalinta bai bi ta ba.

Wata Asabar ta same ni a shago ina yanka katako, ta miƙo mini wata takarda. Efo take kira na, wato yaya a yarenmu.

"Efo, ajiye zarton nan ka duba."

"Ke ce mai karatu, karanta mini."

Makarantar koyon aikin jinya ta Hohoe ce ta ɗauke ta. Shekara uku, daga aji ɗaya, shekara biyun da ta yi a jami'a ba za a lissafa mata ba. Na fara yi mata murna, ta ɗaga mini hannu.

"Na je ofishin masu bashin. In na bar jami'a, shekara ɗaya kawai za su ɗaga mini, sannan su fara nema. Lokacin ina aji biyu, ba albashi. Kawu kuma lokacin zai yi ritaya. Kafin su ba shi ko sidi ɗaya, sai sun cire nasu."

"In kin zauna inda kike fa?"

"Bashin ba zai taso ba sai na gama. Ya karɓi kuɗinsa cif."

Ta faɗi adadin har da ruwansa. Ni ban iya irin wannan lissafin ba, sai na mayar da shi kwano a kaina. Bandir uku da katakonsu.

Ta ninke takardar ƙanana ta tura cikin jaka. "Ba zan je ba. So nake kawai wani ya san sun ɗauke ni. Kada ka gaya masa, Efo. Ka yi alkawari."

Na yi.

Washegari bayan coci Kawu ya ja ni zuwa ginin, yana ɗingishi. Ciwon suga ya fito masa da gyambo a ƙafa, Akpene ce ta wanke ta ɗaure masa da safe. Ya bi ɗakunan yana nuna mini kamar ban san su ba. Nan falo, nan nasa, nan na Akpene in ta zo hutu.

"Yarinyar nan tana da hannu," ya ce yana duba ƙafarsa. "Amma me ke cin ta? Tuwon akple da miyar kuɓewa na sa aka yi mata, loma uku ta yi ta tashi."

Na ce ban sani ba.

"Kafinta, kai ko kuɗin ƙusa ba ka iya ƙarya a kai ba. Faɗa mini."

Sai na faɗa masa duka.

Ya zauna a kan bulo. Ya daɗe yana kallon sama ta inda rufi ya kamata ya kasance. Can ya ce, "Falon nan shi kaɗai, kwano nawa zai ci?"

"Goma sha takwas."

"Bandir ɗaya ke nan, har da ragowa. To ni mutum nawa ne? Gawa ɗaya, falo ɗaya."

Da yamma ya kira Akpene. Ta yi kuka, ta ce ba za ta ci rufinsa ba. Ya ce, "In ba ki je ba, ni zan je. In sa kayan nas in riƙa tsira wa mutane allura da hannun direba, alhakinsu kuma a wuyanki." Shi da kansa ya ɗora akwatinta a motar Hohoe. Ni kuwa sai da ta yi wata biyu ba ta ɗaga wayata.

Aka cire kuɗin kamar yadda ta faɗa. Na rufe falon a kwana biyu. Kawu ya bar ɗakin haya ya tare a ciki da katifarsa da rediyo. Sauran ɗakuna ukun ciyawa ta fara cinye su, sai ya nome ɗaya ya shuka kuɓewa, na Akpene ɗin.

Ƙafar ce ta ɗauke shi, saura wata huɗu Akpene ta gama karatu. Tana can wani ƙaramin asibiti inda aka tura su koyon aiki, ba ta iso ba sai da rai ya yi halinsa.

A falon muka shimfiɗe shi, cikin zanensa na kente. Ranar aka wuni ana ruwa. Falo ya cika, masu ta'aziyya suka tsaitsaya a ɗakunan da ba rufi, kowa da lemarsa. Na sami Akpene a cikin kuɓewa, ta jiƙe sharkaf.

"Da ka riƙe bakinka, Efo, da gidan nan a rufe yake."

"Haka ne."

Ta jira ko zan ƙara wani abu. Sai na matsa na riƙe mata lema.

Yanzu tana aiki a Jasikan, an ce majinyata da sunanta suke nemanta. Duk ƙarshen wata takan turo mini kuɗin kwano biyu, ba ta haɗa shi da magana. Nakan saya in jingine su a falon, inda katifar Kawu take a da. Sun kai ashirin da shida. Ban fara kafawa ba, ita kuma har yau ba ta zo ta gani ba.