Ruwan Baƙi

Shekarar da soja suka koma bariki, kowa a Katsina bakinsa cike yake da alkawari. Har Rafin Gawo, ƙauyen su Sule mai haƙar rijiya, labari ya kai cewa wata ƙungiya za ta turo baƙi su zaga ƙauyuka, garin da suka ga ya fi jin jiki su yi masa rijiyar burtsatse.

In dai jin jiki ne, ai Rafin Gawo ba ta da na biyu. Tafki ɗaya ne, shi mutum ke sha, shi jaki ke sha. Duk damina kurkunu sai ya kwantar da rabin gari, farar tsutsar nan da ke fasa ƙafa ta yi wata biyu tana fita, gona na can ciyawa na cinye ta. Delu, uwar Sule, sau uku tana yin sa. Shi kuwa shekara goma yana birni yana haƙa wa mutanen unguwar Kambarawa rijiyoyi, abin da ke ci masa rai ke nan.

'Yan ƙauyen mazauna birni suka taru a Ƙofar Kwaya, a shagon Malam Haruna tela, shugaban ƙungiyarsu. To, a nan aka tafka ɓarnar. Wani dattijo ya ce yanzu baƙi za su taso daga nesa a miƙa masu ruwa mai kama da kunun kanwa? Kowa ya ce wallahi abin kunya ne. Sule, da yake ya fi kowa rawar kai, shi ya cika jarka takwas a famfon birni ya ɗora a mota ya kai ƙauye. Aka share gari tas, aka shafe masallaci da farar ƙasa. Masu kurkunu, har da Delu, aka kai su ƙuryar ɗaki aka saki asabari, aka ce kada a ji nishin kowa.

Baƙi suka zo su huɗu, wata Hajiya Nafisa ce babbarsu. Aka kawo ruwa garau a sabuwar ƙwarya. Ta sha, ta dubi Sule, ta tambaye shi ko wannan suke sha kullum. Mai gari na kallon sa, dattawa na kallon sa. Ya ce shi ne, tafki na dabbobi ne. Ta rubuta. Bayan sun tafi jarkoki sun ƙare, ƙishi ya dame shi, ya ɗebi na randar uwarsa ya sha kamar kowa.

Sai da aka yi wata goma sha ɗaya takardar rahoton baƙin ta fito. Malam Haruna ya fara karantawa da fara'a: gari mai tsabta, ruwa mai kyau, ba a ga majinyaci ko ɗaya ba, abin koyi ne ga maƙwabta. Kafin ya kai ƙarshe muryarsa ta dushe.

Sule ya nemi ofishin Hajiya Nafisa, ya durƙusa ya faɗi gaskiya duka, kunya kamar ta kashe shi.

"Malam Sule, na tambaye ka," in ji ta. "Abin da ka faɗa na rubuta. Burtsatsen an riga an haƙa a wani gari."

Ta ce abin da ya rage su haƙa tasu rijiyar da hannu kafin ruwa ya sauka, in ba haka ba bana ma tafkin za a sha.

Aka sa ranar gayya. Majiya ƙarfi akwai su, amma wanda ya san inda za a sara, ya san yadda ake ɗaure bakin rami kada ya rufta da mutane, Sule ne kaɗai. Aikin wata guda ne in yana tsaye a kai, damina kuwa ta ƙarato.

Ranar tafiya gayyar, da hantsi, suna loda diga da igiya a mota a Ƙofar 'Yandaka, ya ji idon sawunsa na zafi kamar an ɗora garwashi. Kwana uku ke nan yana cewa cizon ƙwaro ne. Ya koma bayan mota ya ɗaga ƙafar wando. Ɗan ƙurji ne ya tara ruwa, bai kai ƙwayar wake ba. Ya san shi sarai, ya sha ganin sa a ƙafar Delu. Tsoro ya kama shi.

Malam Haruna ya leƙo. "Sule, lafiya dai ko?"

Sule ya dubi gabas, inda hadari ya fara haɗuwa. Ya saki ƙafar wandon.

"Lafiya lau, Malam. Mu tafi."