Kafaɗar Gidan Maƙera

Duk wanda ya zauna a Tudun Wada ya san rumfar Malam Kailani ko da bai san sunansa ba, don ƙarar gudumarsa ce ke tayar da masu komawa barci bayan asuba. Yanzu kurfoti yake yi, da ƙyauren gida, da ɗan gyaran baro. Amma kada ka kuskura ka kira shi mai walda. Shi maƙeri ne ɗan maƙeri, kuma a gidansu bindigar toka ake ƙera wa maharba tun kaka da kakanni. Da hukuma ta ce a daina ya daina, bai yi gardama ba. Sai dai har yau idan yana dukan kurfoti, da haushi yake dukansa.

Kullum bayan la'asar akwai mai zuwa ya zauna masa a benci ba tare da an gayyace shi ba. Sajan Ɗantsoho ke nan, tsohon soja, Bakano, wanda ya yi ritaya ya maƙale a Zariya saboda matarsa 'yar Gyallesu ce kuma ta rantse ba ta zuwa ko'ina. Hirarsa guda ce, bindigar Turawa da ya riƙe a Laberiya. Wai ta sha ruwa, ta sha laka, ba ta taɓa ba shi kunya ba.

"Ba irin harba-ka-rugarku ba," in ji shi. "Ku Zazzagawa in kun harba sai ku riga zomon gudu."

"Ku Kanawa ai da baki kuke yaƙi," in ji Malam Kailani, ya ci gaba da aikinsa.

Haka suke tun gashinsu na baƙi, ba wanda ya gaji.

Malam Kailani 'ya'yansa maza duk sun guje wa wuta. Wannan na sayar da waya, wancan na tuƙi. Wadda ta tsaya tana kallon ƙarfe yana ja tun tana ƙarama ita ce 'yarsa Naja'atu, ita kuwa mace ce, ba a ba ta guduma ba. Ya so ta karanta shari'a a jami'a, reshen Kongo, ga shi nan kusa, ta je ta dawo da ƙafa. Ta ce ita sai reshen Samaru, sai karatun injiniya. Da ta gama aka ɗauke ta a masana'antar da ke yi wa soja kayan aiki, aka sa ta cikin waɗanda za su ƙera bindigar gida da za ta maye gurbin ta waje da sojoji suka daɗe suna riƙewa. Shekaru suna abu ɗaya. In ta zo hutu ya tambaye ta, sai ta ce, "Baba, ana nan ana yi," ta shige wurin innarta.

Ranar da ta bugo waya ta ce an gama, kuma za a gwada bindigar a gaban manya da iyalan ma'aikata a filin harbi da ke bayan gari, Malam Kailani bai ƙara taɓa kurfoti ba a yinin nan. Ya bi layi yana gaisawa da mutanen da ya riga ya gaisa da su da safe. Kafin magariba har Tudun Jukun an ji labari.

Sajan ne kaɗai bai yi murna ba da ya ji. Washegari ya zo ya zauna a bencinsa, ba tsokanar da ya saba.

"Muntaka ya kira ni," in ji shi. Muntaka ɗansa ne, kofur a soja. "Rundunarsu za a fara ba wa. Da ita za su shiga daji wajen 'yan bindigar nan bayan salla."

Malam Kailani ya ajiye guduma.

"Malam, bar wasa yau," in ji Sajan. "Kai ka san ƙarfe. Ni abin da na sani, in bindiga ta cije a gaban abokin gaba, ba a dawowa a ba da labari. Wannan ta gidan, a riƙe ta?"

"Daga gidana ta fito," in ji Malam Kailani. "Na tsaya maka."

Ya faɗa da ƙarfinsa, alhali ko hotonta bai taɓa gani ba. Abin da ya dogara da shi al'adar gidansu ce. A wurinsu in an ƙera sabuwar bindiga, maƙeri kan fita daji shi kaɗai, ya ɗaure ta a jikin itace, ya ɗura mata albarushi fiye da kima, ya ɗaura igiya a kunama, ya laɓe ya ja. In za ta fashe, ta fashe a can ba mai gani. Amma ranar da mai ita ya zo karɓa, ba zancen igiya. Maƙeri zai sa ta a kafaɗarsa, ya kwantar da kuncinsa a jikinta, ya harba a gaban mutumin, sannan ya miƙa masa. Wanda ya ja igiya a gaban mai saye kuwa, ya gaya wa duniya ke nan cewa shi kansa tsoron aikinsa yake ji. A tunanin Malam Kailani haka ake yi ko'ina, har a Turai, don shi bai ga yadda za a yi in ba haka ba.

Ranar gwaji ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, Sajan ya maƙala lambobinsa a ƙirji. Aka zaunar da su a rumfa kan fararen kujerun roba, can nesa da layin harbi, aka raba musu audugar toshe kunne. Malam Kailani ya sa tasa a aljihu, yana ganin raini ne a ba maƙeri auduga. Daga nan ya hango 'yarsa cikin rigar aiki mai ruwan toka, hular kwano a kan hijabinta, tana nuna wa wasu maza inda za su ajiye akwati, su kuma suna ajiyewa. Daɗi ya cika shi har ya rasa inda zai sa hannunsa. A ɗaya gefen sojoji ne a jere, Muntaka na cikinsu.

Wani hafsa mai suna Manjo Jamaluddeen ya karɓi lasifika yana bayani. Aka ɗauko bindigar aka ɗaga. Baƙa ce, gajera, ba ado. Aka tsoma ta a ruwa, aka turmuza ta a yashi, aka jefa ta cikin laka. Malam Kailani na gyaɗa kai, yana taɓa Sajan da gwiwar hannu.

Sai kuma aka kai ta wani teburin ƙarfe aka matse ta gam. Wani ma'aikaci ya ɗaura igiya a kunamarta. Kowa ya ja baya ya shige bayan buhunan yashi, har da Naja'atu. Aka ja igiya. Bindiga ta amsa, ta sake amsawa, rumfa ta ɗauki tafi.

Malam Kailani bai tafa ba. Gumi ya karyo masa. A gaban manyan soja, a gaban iyayen yaran da za su riƙe ta, a gaban Muntaka kansa, 'yarsa ta laɓe a bayan buhu ta bar igiya ta yi mata harbi. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, kuma ƙarƙashin kunyar akwai tsoro: in ita da ta ƙera ba ta yarda da ita ba, shi me ya tsaya wa abokinsa a kai?

Sajan ya sha jin labarin al'adar nan a bencin rumfa har ya haddace. Bai yi tsokana ba. Ya dai ce a hankali, "Igiya na gani, Malam."

Da ma ya zage shi da ya fi sauƙi. Malam Kailani ya miƙe, ya tattare babbar riga a kafaɗa, ya tsallake jan ƙyallen da aka shata, ya nufi layin harbi kai tsaye kamar mai shiga tsakar gidansa. Wani soja ya daka masa tsawa. Manjo ya ɗaga hannu aka tsayar da komai. Fili ya yi tsit, sai tsohon nan kaɗai yana tafiya a rana.

Naja'atu ce ta tare shi, da gudu-gudu.

"Baba, lafiya? Ba a shigowa nan."

"Ki ce su kwance ta su ba ni."

"Su ba ka me?"

"Bindigar. In ke ba za ki sa kafaɗa ba, ni zan sa tawa. Ba a taɓa miƙa bindigar gidanmu daga igiya ba."

Ta dube shi, ta dubi teburin, sai ta gane. Ta rage murya.

"Baba, harsashin da aka sa mata yanzu ya fi na yaƙi ƙarfi, da gangan aka yi shi haka. Doka ce, ba mai sa jikinsa kusa."

"Na sani. Mu ma muna yi. Amma a daji muke yi, ba a gaban mai ita ba."

"Su soja ba sa karɓa sai sun ga wannan da idonsu. Ba ɓoye muke musu komai ba, shi ya sa."

Maganar ta shige shi, don ba wawa ba ne. Ya gane ya yi wa abin gurguwar fahimta, ya kuma gane cewa shi ne yanzu ya tsaya a tsakar fili yana ba 'yarsa kunya a gaban shugabanninta. Amma ƙafarsa ta ƙi juyawa. Ya waiga wajen rumfa.

"Na gaya wa Sajan na tsaya masa," in ji shi. "Ga Muntaka can."

Naja'atu ta bi inda ya duba. Sannan ta je wurin Manjo, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Manjon ya dubi takardar tsarin taro, ya dubi manyansa, ɗaya daga cikinsu ya ɗaga kai alamar a bar ta. Manjon ya zo ya kama hannun Malam Kailani da ladabi.

"Baba, a tsari sojojinmu ne za su harba yanzu. Amma Injiniya ta nemi ta riga su, kuma an yarda. Zo ka tsaya nan bayana, kada ka wuce wannan layin."

Ba sabuwa ta ɗauko daga akwati ba. Wadda ta sha lakar aka kwance mata. Ta buɗe ta, ta duba cikinta da kyau, wani soja ya sake dubawa, aka ba ta harsashi irin na aiki. Ta je ta tsaya. Malam Kailani ƙafafunta ya fara kallo, don daga nan ake gane wanda ya saba. Ta dasa su daidai. Ta jawo gindin bindigar ta kafa a kafaɗa, ta kwantar da kuncinta a jikin ƙarfen da har yanzu akwai laka a kai, ba ta ko goge ba. Ta ce bismillah, ya ga leɓenta.

Ta harba. Ba ta runtse ido ba, kafaɗar ba ta gudu ba. Ta ci gaba ɗaya bayan ɗaya har harsashi ya ƙare, ƙura na tashi a bayan allon da ke can nesa. Nan ya san ba yau ta fara ba, ba kuma jiya ba. Duk shekarun nan da take ce masa ana nan ana yi, ashe da kafaɗarta take yi. Ƙwalla ta cika masa ido, bai kuma damu da wanda ya gani ba.

Ta cire gidan harsashi, ta nuna wa Manjo cewa ba komai a ciki, ta ce wani abu. Manjon ya juya ya kira, "Kofur Muntaka Ɗantsoho." Yaron ya fito da takun soja ya ƙame. Naja'atu ta miƙa masa da hannu biyu, ya karɓa da hannu biyu. Tare suka yi wasan ƙasa a layi ɗaya, amma a ranar ba wanda ya yi wa wani murmushi.

Da aka tashi taro mutane suka yi ta zuwa suna gaishe da Malam Kailani, har da manyan da ɗazu ya tsayar musu da shiri. Shi kuwa Sajan yake nema. Ya same shi a inda ya bar shi, a kan kujera, yana kallon motar da sojoji ke hawa. Naja'atu ta zo ta durƙusa ta gaishe su.

"Sannu, Injiniya," in ji Sajan. "Na gani. Tsayuwarki ta fi ta wasu kuratan da na horar." Ya sake duban motar sojojin. "Amma fili daban, daji daban. Ni uba ne, dole in tambaya. In ta ci amanarsa a can fa?"

Malam Kailani ya buɗe baki zai amsa, don a ganinsa tambayar tasa ce, shi ya yi alkawari. Bai kai ga furtawa ba.

"Baba Sajan," in ji Naja'atu, tana durƙushe, idonta cikin nasa, "rai na Allah ne, ban isa in yi maka alkawarinsa ba. Amma in bindigar ce ta ci amanarsa, kada ka je bariki, kada ka nemi kowa. Ka san ƙofar gidanmu. Ni za ka tambaya."

Sajan ya daɗe yana kallonta, sannan ya gyaɗa kai. Malam Kailani ya rufe bakinsa. Tunda yake, yau ne karo na farko da wani ya amsa da sunan gidan maƙera yana zaune, kuma bai ga abin da zai ƙara ba.