Baƙin Zanen Aro

Kwana tara ke nan da Antwi ya je neman aikin direba a wurin Maame Afrakoma, mai sayar da katako a Kumasi. An yi masa tambayoyi, an sa shi ya shigar da babbar mota lungu da baya. Aka ce za a kira shi. Tun ranar wayarsa ko tari ba ta yi ba.

Yayarsa Serwaa tana dakan fufu ta harare shi. "Ka tasa waya a gaba, ƙwai za ta saka maka? Tashi ka je su san kana raye."

Ya je. Ƙofa a kulle, an ɗaura mata ƙyalle ja da baƙi. Mai gadi ya ce kawun Maame ne ya rasu, ran Asabar za a binne shi a ƙauye. Ya ce kuma mutum uku ke harin aikin.

Ran Asabar Antwi ya ari baƙin zanen zuwa makoki na mijin Serwaa ya yafa. Zanen har yana jan ƙasa.

"Ka yi zancen aiki a gidan mutuwa, kada ka dawo min nan," in ji Serwaa.

A ƙauyen ya bi layin dangi yana ba da hannu, daga dama zuwa hagu, ko tsohuwa ɗaya bai tsallake ba. A gaban Maame ya sauke zanen daga kafaɗa, ya rusuna.

"Ɗan gidan wa?"

"Ba dangi ba ne, Maame. Na ji an yi rashi ne."

Ta ƙare masa kallo. "Kai ne mai tuƙi da baya."

"Ni ne."

Maganar aikin ta taso masa har wuya. Ya haɗiye ta, ya koma can baya ya zauna.

Da rana ta take aka tashi fitar da akwatin gawa. Sai an shigo da motar Maame da baya, tsakanin rumfuna da wani kwalbati mai zurfi. Ɗan uwanta da zai tuƙa kuwa tun safe yake ɗirkar giya, mukulli ma ya kasa zurawa. Makaɗan makoki suka tsai da kiɗa. Dattawa suka fara gunaguni.

Maame ta fizge mukullin, ta ɗaga murya. "Ina baƙon nan mai zanen aro?"

Antwi ya ɗaure zanen a ƙugu ya hau. Sau ɗaya ya juya sitiyari. Motar ta sulale, ko kujera ba ta goga ba, ta tsaya cak a bakin ƙofa. Ganguna suka ɓarke.

Bayan an dawo daga maƙabarta ya miƙa mata mukullin da hannu biyu.

"Riƙe," ta ce. "Litinin, ƙarfe shida. Kuma ka mayar wa mutane zanensu, ya fi ƙarfinka."