Makullin Ɗakin Labaran

Ni na sa wa ƙofar Labaran kwaɗo, kuma ni na hana a buɗe ta da wuri. Na faɗi wannan tun farko don kada kowa ya ɗora wa matarsa laifi.

Ranar Litinin da hantsi ya shigo shagona, ya ajiye sabon kwaɗo a kan keken ɗinki. Labaran mai faci ne a mahaɗar Kurudu, ɗakinsa yana kallon nawa a gidan hayar da muke zaune. Shekara goma sha tara yana shan giyar leda, daga baya ya haɗa da tiramol. Na yi masa wa'azi har ya daina gaishe ni.

"Malam Sale, na daina," in ji shi. "Ragowar ma na zubar a kwata."

"Ka sha faɗa."

"Wannan karon daban ne. Inna za ta zo daga Malumfashi ganin jaririya, saura kwana goma. So nake in durƙusa in gaishe ta ba tare da na kau da bakina gefe ba." Ya turo min kwaɗon. "Ka kulle ni kwana bakwai. Ko na yi kuka, ko na zage ka, kada ka buɗe. Hasana ba za ta iya ba, tausayi ya yi mata yawa."

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ɗauka wa'azina ne ya ci. Har na auna shi, na ce zan ɗinka masa farin kaftani kyauta, ya tarbi mahaifiyarsa da shi. Matarsa Hasana ta kwashe kayan jaririya ta koma ɗakin maƙwabciyarmu Janet. Muka sa masa bokiti da buta da sallaya, na datse ƙofa, na jefa makullin a aljihu.

Janet 'yar Binuwai ce, ma'aikaciyar jinya a wani ƙaramin asibiti a Karu. Da ta dawo aiki da yamma ta ga kwaɗon, ko jakarta ba ta ajiye ba, sai ta same ni a shago.

"Oga Sale, me ka yi haka? Mutum da ya sha shekara ashirin ba ya tsayawa rana ɗaya kamar mota. Jiki zai yi faɗa. A kai shi asibiti, su sa masa ruwa, su ba shi magani, ya sauka kaɗan-kaɗan."

"Ba a barin haram kaɗan-kaɗan," na ce. "Ƙwaya ce ta lalata shi, ke kuma ki ce a ƙara masa ƙwaya?"

"Na gani da ido na. Wannan abu yana kashe mutum."

"Tuba ba ta taɓa kashe kowa ba."

Ta dube ni, ta girgiza kai, ta fita. Ni mutum ne da na yi karatuna ni kaɗai, a kan bencin shago, kuma a lokacin duk abin da ban ci karo da shi a littafi ba, ina ganin babu shi.

Ranar Talata gumi ya jiƙa shi sharkaf, hannunsa na rawa. Duk da haka da na miƙa masa shayi ta taga sai ya yi dariya.

"Malam, shayin nan rabi na sha, rabi rigata ta sha."

Hasana ta ɗago jaririyar ya gani. Ya zuro yatsa ta tsakanin ƙarafan taga ya taɓa tafin ƙafarta. Sallolin ranar duka ya yi su, ina jin kabbararsa daga tsakar gida. Na gaya wa mutanen masallaci, suka ce ma sha Allah.

Ranar Laraba abin ya canza. Tun da safe yake ihu wai tururuwa sun cika bango, wai akwai maciji cikin buta. Bai gane Hasana ba. Ta zo ta durƙusa a ƙofar shagona, goyonta na kuka.

"Malam, don girman Allah ka ba ni makullin. Jikinsa kamar wuta. Na kira Anti Janet, ta ce a fito da shi yanzu-yanzu."

"Shi da bakinsa ya ce ko ya yi kuka kada a buɗe."

"Wannan ba kuka ba ne, Malam. Ba ya cikin hankalinsa."

"Shaiɗanun giya ne ke fita. In muka buɗe yau, kwana uku sun tafi a banza, gobe ki gan shi a mashaya."

Na ɗauki kujera na zauna bakin tagar, na yi ta karanta masa addu'o'i da ƙarfi don muryata ta danne tasa. Haka na yi har aka kira Azahar. Ina cikin alwala na ji faɗuwa, sannan na ji dugadugansa na bugun siminti. Hasana ta saki ƙara. Makullin ya suɓuce min sau biyu kafin kwaɗon ya buɗe.

Muka sa shi a keke napep, kansa a cinyata, leɓensa duk jini inda ya ciji harshe. Wajen kwanar da ake sayar da katako ya buɗe ido, ya gane ni.

"Malam, kwana nawa?"

"Uku."

"Saura huɗu," in ji shi.

Bai kai Karu ba.

Janet ce ta fito ta tarbe mu a ƙofar asibiti. Ta taɓa wuyansa, ta rufe masa ido, ta rungume Hasana. Har yau ba ta taɓa tuna min gargaɗin da ta yi ba.

Da labari ya je mata, Inna ta iso washegari, bayan an kai shi makwancinsa. Tsohuwa ce ƙarama, idonta ɗaya ba ya gani. Ta sa aka kawo ta har shagona.

"Kai ne Malam Sale? An ce kai ka tsaya masa har ya tuba. Ɗana ya koma ga Allah da tsarkin baki. Allah ya saka maka da Aljanna."

Hasana na tsaye a bayanta, tana kallon ƙasa. Na buɗe baki in faɗi gaskiya, sai Hasana ta ɗago ta girgiza min kai sau ɗaya. Na ce amin.

Babu wanda ya kai ni ƙara. A masallaci har yanzu ana ba da labarina a matsayin maƙwabcin kirki, kuma dole in zauna in ji. Hukuncina ke nan.

Ranar da Hasana za ta bi Inna Malumfashi na kai mata makullin. Ta ce in riƙe, ba nata ba ne. Yana cikin aljihun farin kaftanin, wanda ke rataye a ƙusa bayan keken ɗinkina, wuyansa ban gama ba.