Ƙafafun Inna Dela

Labbo ya rasa gane abin da ke cin ƙafafun mahaifiyarsa. Tsohuwar da a da take zuwa gona a Lafagu ta dawo da itace a ka, yau ita ce ke sallah a zaune, in za ta miƙe sai ta dafa bango. Ta ce tafin ƙafarta kamar ana soka mata allura, wani lokaci kuma kamar ba a jikinta yake ba. Ba shi ta gaya wa ba, matarsa Rahmatu ta gaya wa. Labbo ɗan fari ne, Inna Dela ko sunansa ba ta kamawa, balle ta zaunar da shi ta yi masa ƙorafi.

Abin takaicin, sai da daɗi ya zo sannan ciwon ya zo. Tun da cinikin albasa ya karɓe shi, yana lodi a Lolo yana tsallakawa Benin, ya rantse tsohuwarsa ta gama shan wahala. Ya ɗauko ta ya dawo da ita Bagudo, ya gina mata ɗaki da daɓen siminti. Ya hana a kai mata tuwon dawa. Shinkafa fara sol yake sayo mata daga Benin, ga burodi, ga shayi sukari har ya yi kauri, ga lemon kwalba. Nama kam ana sa mata, amma ina haƙoran? Jikoki ke cinyewa. Ranar da ya tarar da ita a bayan gida tana tsinkar tafasa, Rahmatu ce ta sha faɗa. Wai so take a ce uwar Labbo na cin ganye kamar akuya? Inna na ji, ta watsar da ganyen ta shige ɗaki.

An yi man zafi, an yi rubutu, an yi allurar kemis. Shiru. Ana cikin haka ƙanwarsa Kubura ta haihu a Matsinkai, Inna ta nace sai ta je zaman jego. Ɗaukar ta aka yi cak aka sa a mota.

Bayan arba'in Labbo ya je ɗauko ta, ya tarar da ita tsaye a tsakar gida tana shanya zannuwa. Tsaye fa! Ya yi ta hamdala, ya kawo ta gida, ya ƙaro buhun shinkafa don murna. Kafin wata biyu ta koma dafa bango.

To, kai ne Labbo, me za ka ce? Ya ce ɗakin ne. Wani ɗan baƙin ciki ya binne masa abu. Ya samo diga ya farfasa daɓen da ya yi da guminsa, ya tona har ya kai ga jar ƙasa, bai samu komai ba sai wata ƙusa mai tsatsa. Ya jujjuya ta, ya kai wa malami, malam ya ce ƙusa ce. Labbo ya daina gaisawa da Ɗanmusa abokin lodinsa don shi yake zargi, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba. Ya sauya wa Inna ɗaki. Ƙafa dai sai abin da ya ƙaru, har ta fara kumburi, kuma tsoro ya kama Labbo sosai, don ya ga alamar tsohuwar za ta zauna ke nan.

Rahmatu ce ta matsa aka tafi asibiti. Ma'aikaciyar ta danna ƙaurin Inna, ta duba harshenta da gefen bakinta da ya tsattsage, sannan ta tambayi abin da take ci. Labbo ya gyara tsayuwa ya jero mata su tas, yana jiran a yaba masa.

Matar ta ce, "Alhaji, cikinta na cika, amma jikinta yunwa shike ji."

Ta yi masa bayani cewa jijiya da jini suna da nasu abincin, yana cikin wake da gero da gyaɗa da kifi da ganye, ita kuwa farar shinkafa inji ya riga ya kankare mata amfaninta. Ta ba da ƙwayoyi, ta ce maganin gaskiya yana cikin tukunya.

Labbo ya fito kansa na juyawa. Yunwa? A gidansa? Shi da almuru ba ta yi sai an zubar da saura? Ransa ya ɓaci, ya kuma kasa sanin da wa zai yi fushi. Washegari ya hau babur sai Matsinkai, ya tsare Kubura da tambayar me ta riƙa ba Inna.

Kubura ta zaci tuhuma ce, ta durƙusa tana ba da haƙuri. Wallahi Yaya ba su da hali, abin da suke ci shi suka ba ta: kunun gyaɗa, fura, wake, kwaɗon zogale da ƙuli, sai ƙananan busassun kifi da ake dakawa a zuba a miya. Ta ce kunya ma ta hana ta faɗa masa. Labbo ya tsaya yana kallon ta. Abincin da ya yi shekaru yana fafutukar raba uwarsu da shi ke nan, ba ragi.

Ya taho da Kubura Bagudo don ta nuna wa Rahmatu yadda take haɗa miyar. Suka shiga wurin Inna tare, ya tsuguna daga bakin ƙofa. Ya ce wa Kubura ta tambaye ta, don Allah, tun da ta san abin da jikinta ke so, mi ya hana ta faɗi?

Inna Dela ba ta dube shi ba. Sai ta dubi Kubura, tana murza ƙafarta da hannu, ta ce:

"Ki ce ma wannan mutumin, yaro ya kawo ma uwarsa abu yana murna, da wane baki za ta ce ba ta so? Na ga gara ƙafar ta tahi."

 Labbo ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan gwiwarsa.