Kurɓin Farar Giyar Sifen

"Ai tofarwa ake yi," in ji Ilu. "Ba haɗiyewa ba."

"Kafin ka tofar a ina take zama? A aljihunka?" Tankari bai ɗago daga buhun takalman da yake ɗinkewa ba. "Giya ce, ƙanena. Ɗaukarta da kake yi a faranti ma ido kawai na zuba maka."

"To ka ba ni aiki mana, Yaya."

Tankari ya ja zare da haƙori.

Ɗaki ɗaya suke haya a unguwar Dengfeng, can ƙasar waje. Tankari ɗan kasuwa ne daga Maraɗi. Ilu kuwa abinci yake kai wa baƙi a gidan abincin wani Baturen Sifen, Anselmo. Gidan ne ke tsaya masa a takardar zama, ita kuma ta kusa mutuwa.

Anselmo ya yi odar sabuwar farar giya daga bakin tekun ƙasarsu. Al'adarsa ce, duk mai hidimar tebur sai ya kurɓa, ya juya ta a baki, ya tofar a bokiti, sannan ya faɗi abin da ya ji da abincin da ya dace da ita. Wanda bai iya ba, ba ya tsayawa gaban baƙi.

Ilu ya riga ya tambayi A-Ling, abokiyar aikinsa, wadda ta ɗanɗana. Ta ce kamar lemun tsami, kamar ɗanyar tuffa, da ɗan gishiri a ƙarshe. Ba zaƙi. Sanyinta na cizon harshe. Ta ce da kifin da aka turara ake shanta, ko jatan lande.

Ya sayo lemun tsami da tuffa. Ya matse a ruwan ƙanƙara, ya barbaɗa gishiri, ya kurɓa. Fuskarsa ta yamutse.

Tankari ya fashe da dariya. "Wannan Turawa ke tsallako teku da shi? Gara tsamiya."

Washegari da hantsi aka jera ma'aikata a bakin kanta. Kwalbar na cikin ƙanƙara tana gumi. Da aka zo kan Ilu, ya ɗaga tambulan, ya shinshina. Ƙamshin ya ba shi haushi, don ya yi daɗi. Ya kai gilashin bakinsa, leɓe a rufe, ya yi kamar ya tofar.

"Lemun tsami," ya ce. "Ɗanyar tuffa. Gishiri. Kifi ko jatan lande."

Anselmo ya gyaɗa kai. Sai ya turo masa faranti: jatan lande a man zaitun da tafarnuwa, yana tururi.

"Ci ɗaya. Sannan ka kurɓa. Ka gaya mini me ya canza."

Ilu ya ci. Maiƙo ya lulluɓe masa harshe. Wannan kam A-Ling ba ta faɗa masa ba. Ya dube ta, ta kawar da kai.

"Tana... ƙara daɗi, laoban," in ji Ilu, yadda ake kiran maigida a garin.

"Kowa ya san haka. Me ta yi wa man? Me ta yi wa tafarnuwar?" Anselmo ya dubi tambulan ɗin. Giyar na nan inda aka zuba ta. "Ba ka taɓa ta ba."

"Addinina ne."

"Na sani. Ba na tilasta ka. Amma baƙo zai tambaye ka, ni kuma ba na sayar da ita da hadda."

Ilu ya daɗe riƙe da gilashin, har sanyin ya kashe masa yatsu. Sannan ya ajiye. Ya cire rigar aikin, ya linke, ya fita ta ƙofar kicin.

Ya tarar da Tankari yana rubuta suna a jikin buhu. Kallo ɗaya Tankari ya yi masa ya gane.

"Madalla. Ka kyauta. Allah zai buɗa wata hanyar."

Ilu ya zauna a bakin katifa, tafarnuwa har yanzu a bakinsa.

"Kafin takardata ta mutu, Yaya?"