Jinin Cibiya

An binne mabiyiyar a bayan ɗaki kafin la'asar, tare da jinin da likita ya yi watanni yana jira.

A Gomari abin ya faru, gidan Hashim tela, a shekarar da aka yanke layukan waya a Borno. Ɗansa Taufiq yana fama da sikila. Dokta Dzarma, mai aiki da wasu masu bincike a Legas, ya ce a jinin cibiyar jariri akwai ƙwayoyin da kan sabunta ɓargo su warkar da sikila, in jinin ya dace. Don haka Turai, matar Hashim, ta sake ɗaukar ciki bayan ta ce ta gama.

Naƙuda ta zo ranar da aka hana fita. Hashim ya bi lungu a ƙafa neman likita. Mahaifiyarsa, Hajja Saude, ta karɓi haihuwar, ta wanke mabiyiya ta binne, yadda ta yi wa duk jikokinta. Ba wanda ya gaya mata shirin; nauyinta suke ji.

Sai washegari Hashim ya iso da likita.

"Hajja, ina mabiyiyar?" in ji Hashim.

"Inda ake kai ta. So kake kare ya ja?"

Dzarma ya ajiye jakarsa. "Ko an tono, ta lalace. Saura hanya ɗaya. In yarinyar ta yi ƙwari, a ɗebi ɓargo a ƙugunta. Za a sa ta barci. Yawanci lafiya ake tashi."

"Yawanci," in ji Turai.

"Shi kuma Taufiq, sai an kashe nasa ɓargon kafin a dasa sabo. Ba kowane yaro ke jurewa ba."

Hajja ta dubi ɗanta, ta dubi jaririyar. "Ashe ba 'ya kuka haifa ba, kantin magani kuka buɗe."

"Hajja, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo," in ji Turai, idonta a ƙasa. "Ni nake riƙe Taufiq in ciwon ya tashi."

Ranar suna aka raɗa wa yarinya Mu'mina. Dzarma ya ɗebi jininta kaɗan, za a gwada a Legas ko ya dace da na yayanta. Kwalbar tana firjin asibiti, ba a buɗe hanya ba tukuna. Turai tana yawan addu'a, amma ba ta gaya wa kowa wane sakamako take roƙo ba.